Neman tallafin gidauniya ga mai nakasa ko wanda rayuwa ta matse: yadda ake bi tun daga fom har kaya su zo hannu

Akwai wani bawan Allah da na taɓa taya cike fom, hatsarin mota ne ya taɓa masa laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba motsi. Kafin ya zo wajena ya riga ya tura wa gidauniyoyi uku takarda, shiru kake ji. Na ce to nuna min abin da ka rubuta. Shafi biyu cur, wallahi in ka karanta sai ka yi ƙwalla, yadda abin ya faru, yadda aiki ya tsaya, yadda mutane suka ja jiki ɗaya bayan ɗaya, amma da na zo gurbin da aka ce "me kake so mu yi maka" abin da ya sa kawai shi ne: duk abin da Allah ya hore. Nan fa aka yi ɓarin. Shi wanda ke karanta takardar tuli ne irinta a gabansa, kuma tambayoyin da zai amsa wa manyansa ƙididdigaggu ne, mene ne abin, nawa ne kuɗinsa, wa ya tabbatar ana buƙatarsa, yana cikin abin da muke bayarwa ko ba ya ciki. Ko tausayi ya kashe shi ba shi da inda zai rubuta "duk abin da Allah ya hore". Da muka sake takardar ba ta cika shafi ɗaya ba, keken guragu muka nema da kushin ɗinsa, da takardar awo da ta farashi, kuma ya samu.

To bari in bi da ku abin daki-daki yadda na san shi.

Ka fara sanin da wa kake magana

Gidauniya dukiya ce da wani ko wasu suka ware suka ce ga abin da za a riƙa yi da ita, aka rubuta, aka yi rajista, aka naɗa amintattu su kula. Su amintattun nan hannunsu a ɗaure yake da wannan rubutun. In takardar kafa gidauniyar ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 18, ko kai ne ka fi kowa shiga uku a duniya in shekararka 30 ba za su iya ba ka ba, in sun ba ka su za a tuhuma. Mutane da yawa na ɗaukar ƙin da aka yi musu a matsayin wulaƙanci ko son kai, alhali tun farko ƙofar da suka ƙwanƙwasa ba tasu ba ce.

Kuma ku sani masu nema sun ninka abin da ake da shi nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum 1 cikin 6 ke nan. Rahoton da ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 na buƙatar wani abin taimako irin su keke, na'urar ji ko tabarau, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. Saboda haka ba don rowa ake tace takardu ba, dole ce.

Abu na biyu da ke ɓata wa mutane lokaci, ba kowace gidauniya ce ke ba mutum ɗaiɗai ba. Kusan kashi uku ne. Akwai masu ba iyali kai tsaye, misali Family Fund ta Birtaniya da aka kafa a 1973 bayan abin da maganin talidomaid ya jawo na haihuwar yara da nakasa, ita tana saya wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi da ke rainon yaro mai nakasa abubuwa irin injin wanki, firji, gado da kwamfuta, amma fa sai mazaunin Birtaniya. Akwai masu ba ƙungiya kawai, kamar Abilis ta ƙasar Finlan da masu nakasa da kansu suka kafa a 1998, ko Disability Rights Fund da ta fara a 2008, waɗannan in ka rubuta musu kai kaɗai cewa kana son keke ba za ka ji komai ba, ƙungiyoyin masu nakasa suke ba kuɗi su yi aiki. Sai kashi na uku, masu bi ta hannun asibiti ko abokan aikinsu na cikin ƙasa: Smile Train da ke ɗaukar nauyin tiyatar yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, MiracleFeet ta yaran da aka haifa da ƙafa a murɗe, Liliane Fonds ta Holan mai taimaka wa yara masu nakasa, CBM da Sightsavers masu aiki kan ido da nakasa, Free Wheelchair Mission mai raba keken guragu. Su waɗannan ba hedikwatarsu za ka nema ba, asibitin ko ƙungiyar da suke aiki da ita kusa da kai za ka nema, a can ake shigar da suna.

Saboda haka kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, shiga shafinsu ka nemo wurin da suka rubuta wa suke ba, wa ba sa ba. Ni wancan jerin na "abin da ba ma bayarwa" nake fara karantawa, ya fi saurin faɗa maka gaskiya. Duba ƙasa ko yanki, shekaru, irin lalurar, iyakar abin da gida ke samu a wata, da ko sai wani jami'i ne zai nema maka. In abu ɗaya bai dace da kai ba wuce gaba, kar ka ce bari in gwada sa'a, sa'ar nan ta ci wa mutane watanni.

Mataki na gaba: tsayar da buƙata ɗaya

Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, don wanda ke cikin matsi ba abu ɗaya ke damunsa ba, ga haya, ga magani, ga makarantar yara, ga bashi, ka ce masa ya zaɓi ɗaya kamar ka ce ya zaɓi yatsan da za a bar masa ne. Amma dai sai an zaɓa. Tambayar da nake yi wa mutum ita ce: wane abu ne in ya samu yau, gobe wani abin zai warware da kansa? Mutumin da na ba ku labari, keken ne, don da keke zai iya fita, in ya fita zai koma ɗan aikin da yake iya yi a zaune, matarsa kuma ta daina zaman gadinsa ta koma nata. Ga wata kuma injin wanki ne, yaronta ba ya iya riƙe fitsari, kullum rabin yininta a wankin zannuwan gado yake tafiya. Abin da za ka ga kamar ƙarami ne amma shi ya riƙe gidan gaba ɗaya.

Kuma don Allah in wani kake nema wa, tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga 'yan'uwa sun dage sun nemo wa makaho wata na'ura mai tsada alhali shi abin da yake so a koya masa tafiya da farar sanda da yadda zai sa wayarsa ta riƙa karanta masa rubutu, na'urar tana nan a kwali har yau. In yaro ne ko wanda ba ya iya magana, a zauna da wanda ke kwana da shi yana tashi da shi.

Gidauniyoyi sun fi son abin da ake biya sau ɗaya a gama, kaya, gyaran ƙofa ko banɗaki, kuɗin horo, jarin farawa. Abin da ba shi da ƙarshe kamar haya ta kowane wata ko biyan tsohon bashi yawancinsu na gudunsa. Sannan ga wata doka da kusan duk suke da ita wadda ke kayar da mutane: ba sa mayar maka da kuɗin abin da ka riga ka saya. Kar ka ci bashi ka sayi abu da tunanin in tallafi ya fito ka biya, jira sai an amsa maka a rubuce.

A tsaya a nan kan maganar awo

Zan ɗan daɗe a nan don shi ne abin da na fi ganin ana cutuwa da shi, har da masu bayarwar. Keken guragu ba kujera ba ce da za a ce kowa ya zauna daidai ne, kamar takalmi yake, kowa da lambarsa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ba da keke mai matakai 8, daga turo mutum, duba shi, zaɓar keken da ya dace, nemo kuɗi da yin oda, haɗa keken, gwada shi a kai, koya masa amfani da shi, sai bibiya da gyara. Kun ga biyan kuɗin mataki ɗaya ne kacal cikin 8. Ana auna faɗin ƙugu, tsawon cinya, tsawon ƙauri zuwa inda ƙafa za ta taka, a bar tazarar kamar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bayan gwiwa da bakin mazaunin. In keken ya yi faɗi mutum zai riƙa karkacewa gefe guda har baya ya lanƙwashe, in ya matse zai goge fata, kuma wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin zafin da zai gaya masa ya gyara zama, sai dai wata rana a ɗaga shi a ga gyambo ya buɗe a mazaunai. Gyambon zama yana kashe mutum, ba wasa ba ne. Shi ya sa kushin mai rage dannuwa ba ado ba ne, ka sa shi cikin lissafi tun farko, kar ka bari a cire shi don a rage kuɗi. Ka kuma faɗa musu irin hanyar da za a bi da keken, wanda aka yi don santsin daɓen asibiti ba zai yi wata uku a kan yashi da duwatsu ba.

Haka na'urar ji take. Sai an yi gwajin ji an fitar da takardar sakamako, a saita na'urar daidai da irin raunin kunnen, a ɗauki zubin kunne a yi abin da zai zauna a ciki, kuma yaro kunnensa girma yake, dole a riƙa sake zubin. Batir kuma ƙarewa yake cikin kwanaki, in ba a yi tanadinsa ba na'urar ta zama abin ajiya a durowa. Ƙafar roba ma haka, dungun yana motsewa a watannin farko bayan yankewa, kwaroron da dungun ke shiga wanda aka yi yau bayan wani lokaci zai yi yawa sai an gyara ko an sake. Saboda haka lissafinka ya ƙunshi kayan, awo, kuɗin zuwa da dawowa wurin gwaji, da abin da zai ci na gyara ko batir aƙalla na shekara guda. Mai karanta fom in ya ga haka ya san da wanda ya san abin da yake yi yake magana.

Tattara takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ka ga sanarwa ka buɗe fayil guda ka zuba katin shaida, takardar haihuwa in yaro ne, takardar likita, shaidar abin da ke shigowa gida da abin da ke fita, shaidar inda kake zaune, da takardar farashi daga masu sayar da kayan, biyu ko uku in da hali don wasu gidauniyoyin haka suke nema. Kar ka taɓa tura asalin takarda, fotokofi ko sikan, in da waya za ka ɗauka ka shimfiɗa takardar a wuri mai haske, kusurwa huɗu su fito, hatimi da kwanan wata su karantu. Ka ajiye kwafi a imel ɗinka saboda waya na faɗawa ruwa.

Takardar likita ita ce mutane ke wa riƙon sakainar kashi. Likita a gurguje zai rubuta sunan ciwo layi ɗaya ya sa hannu, wannan bai isa ba. Roƙe shi, ko mai gashin ƙashi da ke ganinka, ya ƙara layi biyu: me lalurar ta hana ka yi, wane abu yake ba da shawarar a samo, kuma me zai faru in ba a samo ba. Ta kasance a kan takardar asibiti mai kai, da suna da hatimi da lambar da za a kira a tabbatar, kuma sabuwa, ta shekara huɗu da suka wuce ba za ta yi ba.

In gidauniyar ta ce sai ta hannun jami'in jin daɗin jama'a, ko malamin makaranta, ko ƙungiyar masu nakasa, to haka ɗin za a yi, kar ka tsallake su. Gaskiya ma ko ba a ce dole ba shiga ƙungiyar masu irin lalurarka na da amfani, su ke fara jin an buɗe, sun san wace gidauniya ce ke amsawa wace ce suna kawai. Wasu fom ɗin kuma za su tambaye ka ko ka nemi abin da gwamnati ke bayarwa, don ba sa son su ɗauke wa hukuma nauyinta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, sashe na 20 ya yi magana kan sauƙaƙa samun kayan zirga-zirga, na 28 kuma kan taimaka wa masu nakasa da ke cikin talauci da kuɗaɗen da lalurar ke ci, kuma yawancin ƙasashen duniya sun sa hannu. Ko ka san ba za a ba ka ba ka nema, takardar da ke nuna ka nema an ce babu ita kanta hujja ce a hannunka.

Cike fom ɗin kansa

Karanta shi tun daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa biro. Yi gwaji a wata takarda daban. In na intanet ne rubuta amsoshin a wani wuri ka riƙa kwafowa, don shafin na iya rufewa ka rasa komai, ya taɓa faruwa da ni bayan awa biyu ina bugawa, ranar ban ƙara taɓa kwamfuta ba. Kar ka bar gurbi fayau, in bai shafe ka ba rubuta bai shafe ni ba.

Sai babbar matsalar, mutunci. Mun saba in an tambaye mu ya jiki mu ce da sauƙi ko da ana mutuwa. Wata baiwar Allah da na zauna da ita, fom ya tambaya "kina iya yin wanka da kanki?" ta ce sa eh. Na ce ya kike yi? Ta ce ai 'yata ce ke kai min ruwa, ta zaunar da ni a kujera, ta wanke min baya da ƙafafu, ta ɗaga ni in mun gama. Na ce Hajiya ai wannan a'a ce. Ta yi dariya ta ce to ai ba na son su ga kamar na kasa. Wannan "eh" ɗin da ta so a sa da ita kaɗai za a ajiye takardarta gefe. Fom da yawa na bin salon tambayoyi 6 da ake kira na rukunin Washinton, gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tuna abu, kula da kai kamar wanka da sa kaya, da fahimtar juna a magana, kowace da amsa huɗu: ba wahala, akwai 'yar wahala, akwai wahala sosai, ba na iyawa sam. Ka amsa yadda abin yake in ba mai taimaka maka, kuma in lalurar mai tashi da kwantawa ce ka faɗi yadda mummunar rana take da sau nawa take zuwa a sati.

Ɗaya gefen kuma kar ka ƙara gishiri. Suna kira, suna zuwa gida, suna tambayar likitan da ya sa hannu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in aka kama ka a abu ɗaya sauran gaskiyar taka ma ta tafi, har ka shafa wa jami'in da ya tsaya maka.

Wurin bayani kuwa gajere ya fi. Ga yadda muka yi na mutumin can, kusan haka: "Shekarata 34, ina da mata da yara biyu. Shekara biyu da suka wuce na yi hatsari lakata ta taɓu, ba na iya tsayuwa. Keken da nake amfani da shi na aro ne, ya yi min faɗi, ba kushin, na yi gyambo sau biyu. Mai gashin ƙashi ya auna ni ya rubuta irin keken da ya dace, takardarsa na haɗe. Ina neman kuɗin keken da kushin kamar yadda yake a takardar farashi. Da shi zan koma gyaran waya da nake yi kafin hatsarin." Shi ke nan. Ba kirari, ba doguwar addu'a ga shugaban gidauniya, godiya layi ɗaya a ƙarshe ta wadatar.

Lissafin kuɗi ya yi daidai da takardar farashi har kan ɗigo, kar ka cike shi zuwa lamba mai daɗin faɗa. In abin ya fi ƙarfin iyakar da suke bayarwa kar ka ɓoye, nuna yadda za a haɗa: a ce kuɗin kashi 100 ne, dangi sun tara 15, wata ƙungiya ta yi alkawarin 35, ku nake roƙo 50. Gidauniyoyi na son su zama masu cikasawa, kuma ba laifi ba ne ka nemi wurare da yawa lokaci guda matuƙar ka faɗa, laifin shi ne karɓar kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Maganar hoto. Wasu za su nema, to ka duba ko don tantancewa ne ko don talla, yawanci gurbi daban ne ake sa hannu. Kana da damar ka ce ban yarda a sa hotona ko na ɗana a Facebook ba, gidauniyar kirki ba za ta hana ka tallafi don wannan ba. Ni dai duk wadda ta ce sai an tuɓe wa yaro riga an ɗauki inda ya nakasa an watsa kafin a taimaka, raina ba ya kwanciya da ita.

'Yan damfara

Alamar ɗaya ce ba ta canzawa: za a ce ka biya wani abu kafin a ba ka. Kuɗin rajista, kuɗin fom, kuɗin fito da kaya, kuɗin buɗe asusu. Gidauniyar gaske ba ta karɓar kuɗi a hannun mabuƙaci. Ba ta tambayar lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turo maka ta tes. Ba ta taya ka murnar cin tallafin da ba ka nema ba. Suna ɗaukar sunan manya su buɗe shafin bogi da tambari da komai, har da irin su GiveDirectly mai raba wa talakawa kuɗi kai tsaye, alhali ita ba ta ma karɓar takardar neman mutum ɗaiɗai, ita ke zaɓar yankunan da za ta yi rabo. In an turo maka linki a WhatsApp an ce tura wa mutum goma kafin fom ya buɗe, goge shi. Buga sunan gidauniyar da kanka ka shiga shafinta na asali, ka duba lambar rajistarta a wurin hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji, ka kira lambar da ke can. Sai kuma dillalai, masu cewa ina da hanya a ciki in ya fito a raba, in gidauniya ta gano kai za ta soke, shi ya riga ya wuce wurin wani.

Bayan ka tura

Rubuta ranar da ka tura, lambar da aka ba ka, da sunan wanda ka yi magana da shi. Da yawa amintattunsu ba kullum suke zama ba, wasu wata-wata wasu sai bayan wata uku, in ka tura washegarin zamansu to sai haƙuri. Lambar wayar da ka sa ta zauna a kunne, ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba, ka riƙa leƙa wurin da imel ke jefa saƙonnin shara don amsa na yawan faɗawa can. Na san wanda aka amince masa aka kira sau uku ba ya ɗauka wai yana gudun masu bin bashi, aka ba na bayansa. In lokacin da suka ɗiba ya wuce tura saƙo ɗaya cikin ladabi da lambar takardarka, kar ka mayar da shi kiran safe da yamma. In wani abu ya canza, an kwantar da kai, ka tashi daga gidan, farashi ya hau, sanar da su.

In za su zo gida kar a yi gyaran fuska, kar a aro kujeru kuma kar a ɓoye talabijin. Su ga matakalar da ake ɗaga ka a kai, su ga ƙofar banɗakin da keke ba ya shiga.

In an ce a'a, tambayi dalili da kuma yaushe za ka iya sake nema. Sau tari amsar ba ta wuce kuɗin zangon nan ya ƙare, ko takarda ɗaya ce babu, ka ga wannan ai gyararre ne. Tambaye su ko sun san wata gidauniyar da ta fi dacewa, sun san junansu sosai.

In an ce eh, karanta sharuɗɗan kafin ka sa hannu. Kar ka yi mamaki in kuɗin bai shigo asusunka ba, da yawa mai kayan suke biya kai tsaye ko su ba da takardar karɓar kaya. In kuma kuɗi aka turo, abin da aka rubuta shi za a saya, na san in kuɗi ya shigo gidan da ake cikin matsi buƙatu goma ne za su taso a daren, amma in dole ta sa sai an canza to a kira su a nemi izini a rubuce tukuna, sau da yawa suna yarda. Ajiye rasit, ɗauki hotonsa ranar da aka ba ka don tawadar irin na inji gogewa take. Ragowar kuɗi a faɗa musu. In akwai wani tallafin gwamnati da kake karɓa ka bincika ko wannan zai taɓa shi, a wasu ƙasashen ana lissafawa.

Ranar karɓar kaya kar ka aika wani, je da kanka a gwada a jikinka, ka zauna a keken aƙalla rabin awa, a duba fata in ta yi ja, a nuna maka yadda ake hawa da sauka da yadda ake ɗaga jiki a rage dannuwa, ka tambayi ina ake samun taya da birki in sun lalace da kuma wa ke gyarawa, ka karɓi takardar garanti. Bayan sati shida ko makamancin haka a koma a sake dubawa, yaro kuma duk wata shida don yana girma. Sannan ka tura wa gidauniyar rahoto ko ba su tambaya ba, layi huɗu da kwafin rasit, ga abin da aka saya, ga abin da ya canza. Yawancinsu sai bayan shekara guda ko biyu suke bari a sake nema, kuma keke ko na'ura ba sa dawwama, ranar da za ka dawo fayil ɗinka za a fara buɗewa a ga ko ka rufe na baya.